Ranar da Na Karanta Gwaggo Kulu a Gaban Gwaggo Kulu

Ba zan taɓa mantawa da takalman da na tarar a ƙofar shagon nan ba, don su na fara gani ranar da Anti Jummai ta fara kai ni. Shago ne a bakin titi a Gusau, amma an jera takalma a ƙofarsa kamar masallaci: sau-ciki biyu na ma'aikatan sakatariya, silifas ɗaya da aka ɗaure da waya, da wani takalmin mata mai tsini. Mai shagon, Anti Rifkatu, ba ta yarda a shigar mata da ƙasa ba, wai kwamfuta ba ta so. Ita kwamfutar tana zaune a kan tebur, an lulluɓe ta da farin ƙyalle mai saƙa a baki kamar kwanukan amarya. Na cire takalmana na shiga da sallama, har da ɗan rusunawa. Da na san abin da akwatin nan zai jawo min, wallahi da takalmana zan shiga.

Lokacin shekara biyu ke nan da aka ba mu jiha, ina aji uku a ƙaramar sakandare. A gidan Anti Jummai nake zaune a Tudun Wada saboda makaranta. Ƙanwar mahaifiyata ce, malamar firamare, kuma marubuciya. Ta riga ta fitar da littattafai biyu da mata ke karɓar aro gida-gida, amma na ukun ya tsaya mata a maƙogwaro shekara uku cur, bai shige ba bai fito ba.

Anti tana da wata ɗabi'a da ba kowa ya sani ba. Ba ta iya rubuta mutum sai da sunan wanda ta sani. Takan ce, “In na rubuta Hajiya Tasalla ba na jin komai. In na rubuta Gwaggo Kulu kuwa, sai in ji ta fara magana da kanta.” Saboda haka rubutun farko duk da sunayen dangi da maƙwabta take yin sa, sai ta zo kwafewa a sabon littafin aji sannan ta canja wa kowa suna. Wannan kwafewar ce ma take sa ta gama littafi a da, don in hannu ya gaji dole a haƙura.

Ni kuwa aikina ido. Yarinya ce ni mai kunyar tsiya, irin wadda za ta yini a ɗaki a manta tana nan. In mun dawo daga biki ko gaisuwa, Anti sai ta zaunar da ni ta ce, “To, me kika gani?” Ni da ba na iya ce wa baƙo sannu da zuwa, a nan bakina ke buɗewa. Wance ta saka ɗankunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wane ya yi hamma ana tsakiyar addu'a. (Na ɗauka taimakon adabi nake yi. Yanzu na san sunan abin gulma.)

Babban abin da na taɓa kawo mata shi ne na asibiti. Kakata ta Bungudu, wadda kowa ke kira Inna, ta kwanta rashin lafiya a Gusau, Anti tana kai mata farfesun hanta kullum. Wata rana ina zaune a kan tabarma bayan ƙofa, Inna ta rufe ido, sai Gwaggo Kulu ta Tsafe ta jawo kular farfesun. Gwaggo Kulu ƙanwar marigayi kakana ce, mace mai jiki da murya, wadda in ta yi gyaran murya a zaure ake ji a madafa. Ta buɗe kular, ta sansana, ta cinye tas. Ta goge baki da gefen mayafi, sannan ta juya cokalin ta mai da mariƙinsa wajen Inna. Da Anti ta shigo sai ta ce, “Ai ta ci, ta ci sosai, alhamdu lillahi.”

Da yamma na zayyane wa Anti komai, har da cokalin. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ba a ɗaga wa Gwaggo murya a danginmu, sai ta huce a kan takarda. Daga ranar Gwaggo Kulu ta zama muguwar littafin.

To, sai ga kwamfuta. Anti Rifkatu ('yar wajen Jos ce, mijinta ma'aikaci, Hausarta ta fi tawa zaƙi) ta ce wa Anti, “Malama, ki daina wahalar kwafewa. Kawo shi yadda yake. Suna kuwa, in danna nan in danna can, duk inda Kulu take ta koma Tasalla kafin ki ƙifta ido.” Aka buga na farko a kan irin takardar nan mai ramuka a gefe, wadda take haɗe da juna kamar rawani. Da Anti ta ga sunan Gwaggo da baƙin inji sai ta yi maza ta naɗe takardar. Ko biro ba ta ɗora masa ba, ta ce a canja sunaye a sake bugawa, wannan kuma a ɓoye shi a nan shagon, kada ya kwana a gidanta.

Daga nan masifa ta fara. Tunda gyara ya daina cin hannu, sai ya zame wa Anti kamar susa. Duk Asabar ni ce a hanya da takardu sun sha jan biro, in zauna kusa da Anti Rifkatu ina karanta mata, don rubutun Anti in tana gyara kamar kaza ta yi tono ne, ni kaɗai ke gane shi. A bugu na uku zanen amaryar labarin kore ne, a na huɗu ya koma shuɗi, a na shida ya dawo kore. Anti ta kashe direban labarin a na huɗu, ta tashe shi a na biyar saboda babu mai kai amarya tasha. Ita Tasalla kuwa, saboda tsoro, kullum ana rage ta. Aka ɗauke ta daga Tsafe aka kai ta wani garin da babu shi, aka ramar da ita, aka hana ta gyaran murya, a bugu na biyar aka cire babin farfesu gaba ɗaya. Wata rana wuta ta ɗauke muna tsakiyar aiki, rabin babi ya tafi. Na dawo gida ina tsoron faɗa, sai Anti ta ce, “Madalla, dama bai yi min ba.”

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ƙawayena suna kitso da ziyara, ni ina zaune a gaban akwati ina canja wa zane launi. Ban taɓa cewa uffan ba, amma duwatsun hanyar Tudun Wada sun sha shuri. A zuciyata kuwa na yi wa Anti rashin kunyar da in da ta fito fili da an mai da ni gidanmu a ranar.

Anti Rifkatu ce ta fara gajiya a fili. Ranar da za a yi bugu na tara ta ce, “Malama, littafin nan ko yaro ne ai ya isa yaye.”

Nan take Anti ta yi rantsuwa a gabanmu. Al'adarta ce kafin ta aika littafi Kano a buga, sai an karanta shi a gidan Inna a Bungudu lokacin da mata ke ɓarar gyaɗa. In hannuwa suka tsaya, labari ya yi. In aka ci gaba da ɓara, da saura. Wannan karon Gwaggo Kulu za ta zo kwana biyu. Anti ta ce, “In aka karanta a gabanta ba ta gane kanta ba, shi ke nan, na gama. Ko ɗigo ba zan ƙara ba.” Na ji kamar an ce gobe Salla. Asabar ɗina za su dawo.

Anti ta wuce Bungudu tun ranar Juma'a. Ni aka bar wa in biya shago da safen Asabar in karɓi bugu na tara in biyo ta.

Na tarar da takalma sun cika ƙofa, maza sun fi shida suna jiran a buga musu takardun neman aiki. Anti Rifkatu ko ɗagowa ba ta yi ba. “Yana cikin kwali ƙarƙashin tebur. Kin san shi ai?”

Na gyaɗa kai. Ban san shi ba.

Na durƙusa na jawo kwalin. An hargitsa shi, don rufin shagon ya yi yoyo an matsar da kaya. Guda tara ne, duk shafin farkonsu iri ɗaya. Bakwai sun sha jan biro, na ture su. Saura biyu masu tsabta. Ɗaya rubutunsa ya koɗe kamar an wanke shi da sabulu. Ɗayan baƙi wuluk, an naɗe shi a leda. To ni duk rayuwata a littafin aji na san rubutu, kuma a littafin aji wanda ya fi tsabta da kyau shi ne na ƙarshe. Ina zan san cewa injin yana da wani ribon tawada da ke shanyewa, na farko ya samu tawada sabuwa, na tara ya samu saura? Na ce a raina, ka ga har leda ta saka min saboda hanya, Allah ya yi mata albarka.

Gaskiya zuciyata ta ce min in tambaya. Na ɗago, na buɗe baki, sai wani mai gilashi ya juyo ya kalle ni. Kallo ɗaya. Na rungume ledar na fita har ina saka takalmi a juye. A mota ma ban buɗe ba, don karatu a mota na sa ni jiri. Na riƙe shi a cinya kamar jariri har Bungudu.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Mata sun kai goma, kowa da tarin gyaɗa a gabanta. Inna tana jingine da bango. Gwaggo Kulu ta kafa kujera 'yar tsugunno a gabana daidai, har ina jin ƙamshin man zafin da ta shafa a gwiwa. Anti kuwa ba ta iya zama a ji ana karanta rubutunta, sai ta shige ɗakin Inna ta saki labule, daga can take sauraron ƙarar ɓawon gyaɗa.

Na fara da murya kamar ta sauro. Babin farko bai taɓa canjawa ba a duk bugun, saboda haka lafiya lau. Na shiga na biyu, ina gangarowa, sai idona ya faɗa kan layin da ke ƙasa: “Gwaggo Kulu ta sauko daga motar Tsafe tana gyaran murya.”

Ashe bugun farko na ɗauko. Mai hankali da sai ta ce tana jin fitsari. Ko ta ce takarda ta haɗe. Ko ta faɗi ta suma, ai ba laifi ba ne. Ni kuwa da na ɗago na ga idanu ashirin a kaina, tsayawa ta fi ƙarfina. Sai na ji bakina ya ce, “Hajiya Tasalla ta sauko daga motar garinsu tana gyaran murya.”

Ba wanda ya motsa. Na ce to, haka za a yi. Idona ya riƙa gudu gaba yana leƙen hanya, harshena na biye yana sauya suna. Kulu ta zama Tasalla, Inna ta zama Hajiya Babba, Tsafe ta zama garinsu. Gumi na bin bayana, amma abin na tafiya.

Kuma labarin ya ci. Ƙarar ɓawo ta fara raguwa, ta ragu, ta ɗauke. Wadda ta fi kowa dariya ita ce Gwaggo Kulu. Tana buga cinya tana cewa, “Kai, wagga Tasalla muguwa ta! Ina Jummai ta samo ta?”

A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa Anti ba. Daɗi na fara ji. Tun da aka haife ni ba a taɓa yin shiru don ni ba. Muryar sauron nan ta tafi. Na fara yi wa kowa muryarsa, in an zo kan Tasalla sai in kumbura wuya in yi gyaran murya, in ja “Ke-e-e!” daidai yadda mai ita ke ja. Mata suna faɗuwa kan tabarma. Mai muryar tana gabana tana share hawayen dariya, ni kuma ina ƙara gishiri. (In akwai wanda ya fi mai kunya rashin kunya ranar da ya samu fili, ban gan shi ba.)

Sai muka iso asibiti. Ina cewa “ta jawo kular farfesu,” na ji tari daga bayan labule. Anti ta san ta cire babin nan da hannunta tun bugu na biyar. Tari na biyu ya biyo. Sannan muryarta: “Ke, zo ki karɓi ruwa.”

Gwaggo ta juya. “Jummai, ki ƙyale ɗiya ta yi karatu! Mu ji mi za ta yi da hantar.”

“Gwaggo, muryarta ce ta dushe.”

“Ba ta dushe ba, ras take. Ci gaba, ɗiyata.”

Ƙofar tsira ke nan aka buɗe min, na tsaya ina kallonta har ta rufe. Na ci gaba. Tasalla ta buɗe kula. Tasalla ta sansana. Mata suna salati. Tasalla ta cinye tas, ta juya cokali ta mai da mariƙinsa wajen mara lafiya. A nan na lura dariyar Gwaggo ta tsaya, gyaɗar da ke hannunta ta tsaya tsakanin yatsu biyu. Na ƙara sauri don in wuce wurin. Shafi ya ƙare a tsakiyar magana, na juya, kuma layin farko na sabon shafi idona bai samu ya riga bakina ba. Da wuyana a kumbure, da muryarta, da ƙarfin da aka ji har zaure, na ce:

“‘Ai ta ci sosai,’ in ji Gwaggo Kulu, tana goge baki da mayafi.”

Wata kaza ta ratsa tsakiyar tabarmi ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta wuce. Ba wanda ya kore ta.

“Mi kika ce?” in ji Gwaggo.

“Tasalla,” na ce. “Hajiya Tasalla.”

Ta miƙo hannu ta fizge takardar. Da yake a haɗe take, sai ta warware daga cinyata ta bi tsakar gida kamar an shanya rawani. Gwaggo ba ta yi boko ba, ta miƙa wa Safiya matar ɗan Inna. “Ke kin yi makaranta. Mi anka rubuta nan?”

Safiya ta kalle ni, ta kalli labule. “Gwaggo Kulu.”

“Nan fa?”

“Gwaggo Kulu.”

“Can ƙasa?”

“Gwaggo Kulu ta Tsafe.”

“Jummai! Fito!”

Anti ta fito kamar wadda za a yi wa allura. Gwaggo ta miƙe tsaye, ɗankwalinta ya zame ba ta gyara ba. “Ni kika sa cikin inji? Ni da na goya ki kina zawo? Ashe muguwar da nike ta zagi tun ɗazu ni ta! Kun zaunar da ni gaban ƙannena da surukaina ina yi ma kaina dariya!” Tana cikin haki sai na ga tana lissafi da ido. “Tsaya. Ranar nan ba ki cikin ɗakin. Mu uku muke. Ni, da Inna, da...”

Ta juyo a hankali. Wallahi na ji juyowar nan a ƙashin bayana.

“Ke! Shiru-shiru, ido kamar na mujiya! Ashe rediyo anka aje muna bayan ƙofa. Har alewa na ba ki ranar nan, kika karɓa da hannu biyu!”

Ta ba ni kuwa. Mai ruwan madara. Wannan ne kaɗai abin da na tsallake a labarin asibitin da na kai wa Anti.

Duk wannan abin Inna ba ta bar ɓarar gyaɗarta ba. Sai da aka gaji sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Ni na ce ta ci.”

Kowa ya juya.

“Likita ya ce ba a sallama ta sai an ga ina cin abinci, ni ko gida nike so. Farfesunki kuma, Jummai, Allah shi ba ki lada, amma ba shi ciwuwa. Gishiri kamar an yi ɓari. In na bari ki ji haushi, in na ci in mutu. Tun kafin ɗiyar ga ta shigo na roƙi Kulu. Kwana huɗu tana shan gishirin nan saboda ni, ga ta da hawan jini. Idon da na rufe, dariya nike ɓoyewa.”

Wata ta ƙyalƙyale, sauran suka biyo. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta shiga ta ɗauko jakarta, ta ƙi tuwon da aka riga aka ɗora saboda ita, ta nufi bakin titi Safiya na bin ta da roƙo.

A ɗakin Inna Anti ta tsare ni. “Wa ya ce ki ɗauko na cikin leda? Bakinki ciwo yake da ba za ki tambaya ba? Kuma da kika ga sunan, ƙafarki aka ɗaure? Har da kwaikwayon murya! Shekara uku kin rusa min a yini ɗaya!”

Ina da amsa. Ina da amsoshi sun fi ashirin, a jere, masu kaifi. Wa ya rubuta? Wa ya kasa gama littafi kamar sauran mutane? Wa ya tara bugu tara a kwali ɗaya ko lamba babu? Wa ke zuba gishiri da ludayi? Na tsaya ina kallon farcen ƙafata, ban ce ko ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Na yi kukan fushi, aka ɗauka na nadama ne, Inna har tana cewa a bar yarinya ta ji a jikinta.

Asabar ta gaba Inna ta tura mu ni da Anti zuwa Tsafe da goro da turmin atamfa. Tun daga Gusau har muka wuce dutsen Kwatarkwashi Anti ko kallona ba ta yi ba. Gwaggo ta bar mu a tsakar gida cikin rana tana tankaɗe, sai da ta ga dama sannan ta amsa gaisuwa. Anti ta durƙusa ta ce za ta ƙona littafin, za ta sa a goge shi daga cikin kwamfutar ma.

“Ki ƙona? Bayan duk Bungudu ta ji rabin? In kin ƙona ai na tabbata ɓarauniyar hanta har kabarina.” Ta kaɗe garin hannunta. “Ki mai da Tasalla yadda take, da jikinta da muryarta. Ta ci hantar. Amma ki faɗi dalili, har da gishirin. Kuma wadda ta kai gulmar, a sa ta ciki ita ma. In kin gama, wagga mujiya ta zo nan ta karanta min tun daga farko, kafin wani Bakano shi gani.”

A motar dawowa na saci kallon Anti, ina tsammanin in ga hawaye. Ina! Ta ciro jan biro tana rubutu a bayan ambulan, idonta na ƙyalli. Ta ce, kamar da kanta take magana, “Kin lura hannuwa sun tsaya tun babi na biyu? Na farkon nan ya fi sauran rai.” Wato bugu takwas, Asabar ɗina na kusan shekara, kore da shuɗi da direba, duk a banza. Kuma ga na goma ya taso, ni na haifo shi da bakina. Na juya wajen taga na harari duwatsu har Gusau.

Littafin ya fito daga baya, a bugu na goma sha biyu, bayan na je Tsafe sau biyu na karanta a gaban Gwaggo tana gyara min muryarta. Ta ajiye nata a cikin kwalla, duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa ta ce ita ce Tasalla. Ni kuma abin da na tsira da shi kaɗan ne. Na ga cokali ban tambaya ba, na ga leda ban tambaya ba, kuma duka biyun ina jin kaina mai wayo. Ido na kawo rabin labari, sauran rabin yana bakin mutane, kuma ba a ba wanda ya tsaya bayan ƙofa.

Amma kafin wannan, sai da na koma shagon da sabon babin da Anti ta rubuta a littafin aji. Na cire takalmana, na zauna, na fara karanta wa Anti Rifkatu. A shafi na biyu sai ga wata sabuwar yarinya ta shigo labari, mai manyan idanu, mai zama bayan ƙofa, mai karɓar alewa da hannu biyu. Kuma da yake Anti ba ta iya rubuta mutum sai da sunan wanda ta sani, sunana ne a wurin, na yanka, har da na mahaifina. Da bakina na karanta shi, yana fitowa a gilashin kwamfuta harafi bayan harafi, Anti Rifkatu na dariya har tana kuskuren dannawa.

Akwai maza huɗu a shagon ranar, har da mai gilashin nan. Na miƙe tsaye na yi magana da ƙarfin da sai da suka juyo duka.

“Anti Rifkatu, don girman Allah, in kin zo canja sunaye ki fara da nawa. Kuma kada ki buga sai na gani da idona.”